Abin da ke sa birkin mota yin laushi bayan an canja takalman baya

Ba baƙon abu ba ne direba ya kai motarsa gareji da safe domin a canja mata takalman birkin baya, ya dawo da la'asar ya biya kuɗin aiki, ya shiga ya tayar, amma da ya ɗora ƙafa a kan feda sai ya ji ta nutse fiye da yadda ya saba. Motar da ta shiga gareji tana tsayawa da ɗan taɓi, ta fito sai an kai ƙafa kusan ƙasa, ko kuma sai an taka sau biyu kafin birki ya kama. Idan ya yi magana, amsar da ya fi samu ita ce: "Maigida, sabon takalmi ne, bari ya zauna."

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan amsa, amma kaɗan ne. Sabon takalmi yana buƙatar 'yan kwanaki kafin fuskarsa ta daidaita da cikin gangar da yake gogawa, kuma a tsawon wannan lokaci kamun birkin kan ɗan ragu. Sai dai zaman takalmi ba ya ɗago fedar da ke kaiwa ƙasa. Idan feda ta yi laushi bayan aiki, to akwai abin da aka bari ba a ƙarasa ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa shanyewar birki a cikin musabbaban haɗurran da take bayar da rahotonsu. Matsalar ta shafi ɗimbin motocin da ke kan titunanmu, domin Corolla da yawa, da Golf 3, da bas ƙirar Hiace, da Hilux, duk birkin ganga ne a ƙafafunsu na baya. Haka ma Keke Napep.

Yadda ƙarfin ƙafa ke isa taya

Birkin mota na zamani ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: ruwan da aka kulle a cikin mazubi ba ya matsuwa, saboda haka duk ƙarfin da aka danna masa a gefe ɗaya zai isar da shi ko'ina. Idan direba ya taka feda, tana tura fistin a cikin babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta. Fistin ɗin ya tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu. A gaba, man yana matse faifan ƙarfe tsakanin takalma biyu. A baya kuwa yana shiga wata ƙaramar silinda mai fistin biyu, ɗaya a kowane baki, su kuma su buɗa takalma biyu masu siffar jinjirin wata har su manne da cikin ganga, wato dirom a bakin 'yan gareji. Da an ɗaga ƙafa, sai sifirin masu ƙarfi su janyo takalman su koma mazauninsu.

A wannan janyowar ne bambancin yake. Takalman birkin faifai kusan a jingine suke da faifan ko da yaushe, don haka ba su da wata tafiya da za su yi kafin su kama. Na ganga kuwa sifirin na mayar da su baya har sai sun tokari wani ƙarfe da ake kira ajasta, kuma tsawon wannan ƙarfe ne ke yanke girman ratar da ke tsakanin takalmi da ganga. A motar da aka daidaita, ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. Idan ta ƙaru, dole masta ta fara cika wannan gurbi da mai a ƙafafun baya biyu, fistin huɗu ke nan, kafin matsi ya taru a ko'ina cikin layin. Ita kuma feda doguwar sanda ce da ke ninka motsi, ta yadda ɗan ƙaramin motsi a masta yake zama doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙafa. Shi ya sa sakaci na milimita biyu a baya yake iya kai feda rabin hanya, har birkin gaba, wanda shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayar da mota, ya makara wajen kamawa alhali lafiyarsa ƙalau.

Ƙafa na iya bambance cutar

Kalmar "laushi" tana ɓoye matsaloli uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutane sayen kayan da ba sa buƙata. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a sauke birkin hannu, a taka feda sau huɗu ko biyar domin a ƙarar da taimakon da busta ke bayarwa, wato na'urar nan mai kama da tukunya da ke bayan masta. Sannan a jira kamar rabin minti, a taka sau ɗaya a hankali, a saurari abin da ƙafa za ta faɗa.

Idan feda ta yi doguwar tafiya babu wata turjiya, sannan can ƙasa ta tsaya cak kamar an taka dutse, wannan alamar rata ce tsakanin takalmi da ganga. Idan aka saki aka sake takawa da sauri, za a ji ta kama a sama, saboda takalman ba su gama komawa ba kafin masta ta ƙaro mai. Idan kuwa babu wurin da ta tsaya cak, sai dai tana lotsawa tana dawowa kamar soso, to iska ce a cikin layin. Iska, saɓanin mai, tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafa yana ƙarewa ne wajen matse kumfa maimakon tura takalmi. Ta uku ita ce mafi muni: feda ta kama da kyau, amma idan aka riƙe ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti sai a ji tana sulalewa ƙasa sannu a hankali. Wannan na nufin mai yana tserewa, ko dai waje ta wata kafa, ko kuma a cikin masta ta gefen robar da ta lalace. Motar da ke haka ba ta hawa titi.

Akwai wani gwaji na biyu da ke raba gardama tsakanin rata da iska. A ja birkin hannu har ya kama, sannan a taka feda. Birkin hannu yana buɗa takalman baya ne ta hanyar waya, ba ruwansa da mai. Idan jan sa ya sa feda ta ɗago ta yi ƙarfi, to an gano inda gizo ke saƙar: takalman ne suka yi nisa da ganga. Idan babu abin da ya canja, sai a koma neman iska.

Me ya sa ake barin rata?

A ganina, wannan ne ya kamata a fara zargi duk lokacin da aikin da aka yi bai wuce canjin takalmi ba. Dalili kuwa shi ne canjin takalmi kaɗai ba ya buƙatar a buɗe layin mai, don haka iska ba ta da ƙofar shiga. Rata kuwa aikin ne da kansa ke haifar da ita.

Gangar da ta daɗe tana aiki takan cinye daga ciki, ta bar wani tudu a bakinta inda takalmi ba ya taɓawa. Kafin ganga ta fito, dole bakanike ya sassauta ajasta domin takalman su tsuke su wuce wannan tudu. Da ya ɗaura sababbi, masu kauri, sai ya ƙara sassautawa don ganga ta shiga. Ganga ta shige, an ɗaura taya, aiki ya yi kama da wanda aka gama. Amma bayan tudun, cikin ganga ya fi bakinta faɗi, kuma takalman suna can tsakiya a tsuke. Matakin da ya rage shi ne a sake buɗa su ta ɗan ramin da ke bayan farantin birki, ko ta jikin gangar a wasu motocin, ana juya haƙoran ajasta ɗaya bayan ɗaya, ana juya taya da hannu, har a ji takalmi ya fara shafar ganga, sannan a ɗan sassauta yadda taya za ta juya ba tare da riƙewa ba. Tsakanin juyi da juyi ana taka feda, domin takalman su zauna a tsakiya. In ba haka ba, gefe ɗaya zai riƙa shafa ya yaudari mai gyara.

Za a ce ai motocin yanzu suna daidaita kansu. Haka ne, amma da sharaɗi. Ajasta mai aiki da kanta an yi ta ne domin ta riƙa cike ɗan abin da takalmi ke cinyewa, haƙori ɗaya a lokaci guda. A wasu motocin tana motsawa ne idan an ja birkin hannu, a wasu sai an taka birki ana tafiya da baya. A Golf kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar bakin gatari da sifirin ke janyowa ƙasa ya cike gurbin. Direban motar da ba ta da kulochi, wanda ya saba ajiye giya a kan P ya fita ba tare da taɓa birkin hannu ba, zai iya yin watanni ajastarsa ba ta motsa ba. Ga kuma tsatsa da ƙurar da ke daskarar da zaren ajasta idan ba a wanke shi an shafa masa ɗan giris ba.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne musanya ta hagu da ta dama. A motoci da dama zaren ajastar ɓangare ɗaya na hagu ne, na ɗayan kuma na dama. Idan aka kwance ƙafafun biyu lokaci guda aka zube kayan a faranti ɗaya, abu ne mai sauƙi a ɗaura kowace a gurbin 'yar uwarta. Sakamakon shi ne ajasta ta riƙa sassauta takalmi a duk lokacin da ya kamata ta ɗaure shi, sai direba ya ga birkin da ya fito gareji da dama-dama yana ƙara nutsewa kowane mako. Wannan ne ya sa ƙwararrun makanikai ke gama ƙafa ɗaya kafin su taɓa ɗayar, wadda ba a kwance ba ta zama abin dubawa.

Wata dabara da ake yi, wadda bai kamata a amince da ita ba, ita ce a ɗaure wayar birkin hannu har feda ta ɗago. Feda za ta ɗago kam, amma takalman sun tashi daga mazauninsu, ajasta ba za ta ƙara aiki daidai ba, kuma birki zai riƙa gogawa ana tafiya. Tsarin da ya dace shi ne a sassauta wayar, a daidaita takalmi, sannan a ɗaure wayar daga ƙarshe.

Ita kanta gangar tana da iyaka. A jikin kowace ganga an rubuta mafi girman faɗin da aka yarda cikinta ya kai, kuma a ƙananan motoci bambancin sabuwa da wadda ta ƙare bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Gangar da ta wuce wannan iyaka, sabon takalmi ba zai kwanta a cikinta gaba ɗaya ba, tsakiyarsa kawai zai taɓa, sauran ya riƙa lanƙwasa idan an taka. Wannan ma yana ba da laushin da babu daidaitawar da za ta kawar, sai canjin ganga.

Idan iska ce

Iska tana shiga ne idan an canja silindar taya, ko an kwance bututu, ko kuma an yi wani ganganci da ke faruwa fiye da yadda ake zato: yaron gareji ya shiga mota ya taka feda alhali ganga tana ƙasa. Babu abin da zai tare takalman, sai fistin ya fito daga silinda, mai ya zube. A mayar da shi da yatsa, a goge wurin, ba a faɗa wa kowa ba. Ko wajen ɗaura sifirin ma, idan aka ja takalmi ɗaya da ƙarfi, yana iya tura fistin ɗin ɗaya bakin ya leƙo waje ya sha iska.

Maganin shi ne abin da makanikai ke kira buliding. Kalmar ta Turanci ce, asalinta zubar da jini, kuma ta dace, domin ana buɗe ɗan noti ne a saman silinda a bar mai ya fita tare da kumfar da ke cikinsa. An sa notin a sama ne saboda iska sama take taruwa. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a kan feda, ɗaya a gindin taya. Na ciki ya taka ya riƙe, na waje ya buɗe noti, mai ya fita, ya rufe, sannan ne kawai na ciki zai ɗaga ƙafa. Idan ya ɗaga kafin a rufe, silinda za ta zuƙi sabuwar iska, a koma gidan jiya. Ya fi kyau a sa siririn tiyo mai haske a bakin notin, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai, domin a ga kumfar da ido a san lokacin da ta ƙare, maimakon a bar mai yana feshi a kan takalmi da fenti.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyarin motocinmu a hagu yake, masta ma haka, don haka akan fara da baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu. Amma ba kowane kamfani ne ya bi wannan jeri ba. Honda, alal misali, a motocinsa da dama daga gaba yake farawa. Abin da littafin motar ya ce shi ne abin bi.

Sai an daidaita takalma kafin a fara buliding. Wanda ya juya wannan tsari zai ƙarar da gwangwani biyu na mai yana neman iskar da babu ita, domin feda ba za ta taɓa yin ƙarfi a sama ba muddin ratar tana nan. Kuma a riƙa leƙa kofin mai bayan kowane 'yan taku. Idan ya ƙafe, masta da kanta ta sha iska, aikin ƙafa ɗaya ya zama na mota gaba ɗaya. A motoci masu ABS, iskar da ta shiga akwatin na'urar takan maƙale a cikin ƙananan bawul ɗinta, kuma a wasu sai an haɗa kwamfutar gwaji ta kunna famfon kafin ta fita. Masu Hilux da Hiace kuma su tuna cewa da yawansu suna da wani bawul kusa da aksul na baya, mai rage ko ƙara matsi gwargwadon nauyin kaya, kuma yana da nasa notin iska da ake yawan mantawa da shi.

Yadda gyara ke kashe masta

Akwai abin takaici da kan faru a tsakiyar buliding. A rayuwar yau da kullum fistin ɗin masta ba ya wuce wani ɗan yanki na silindarsa, kuma wannan yanki yana nan sumul. Can ciki, inda bai taɓa zuwa ba, tsatsa da datti sun taru shekara da shekaru. Da aka buɗe noti, na kan feda ya danna ta har ƙasa da dukkan ƙarfinsa, sai robar fistin ta bi ta kan wannan kaushi ta yage. Mastar da ta shigo gareji da ƙafarta ta mutu a hannun masu gyara, feda ta fara sulalewa, a ce wa mai mota dama can ta lalace. Guntun katako da za a sa a ƙarƙashin feda, ya hana ta kaiwa ƙasa, ya isa ya hana wannan asara.

Kafin a yanke hukuncin sayen masta, wadda ta fi takalmi da silinda tsada nesa ba kusa ba, ko a Ladipo ta Legas ko a Apo ta Abuja, akwai gwajin da ke nuna ɓangaren da laifin yake. Ana matse tiyon roba da ke kai mai baya da abin matsewa marar kaifi, sannan a taka. Idan feda ta yi ƙarfi ta tsaya, masta lafiya lau take, matsalar tana bayan wurin da aka matse. Idan an matse na gaba da na baya duka amma har yanzu tana sulalewa, kuma babu ɗigo a ko'ina, to masta ce. Ba a yin wannan gwaji da filaya mai haƙora, kuma ba a yin sa a kan tiyon da aka saƙa wa ƙarfe a waje.

A kuma ɗaga robar da ke rufe bakin silindar taya a duba. Idan akwai danshin mai a ciki, silindar ta fara yoyo. Tsohuwar silinda takan fara hakan ne daidai bayan canjin takalmi, saboda kaurin sababbin takalman ya mayar da fistin ciki, zuwa wurin da tsatsa ta ci. Takalmin da mai ya jiƙa ba ya wankuwa, sai canji, kuma ana canja na ƙafafun biyu tare domin kada mota ta riƙa fizga gefe ɗaya. Toshe bututun ƙafar da ke yoyo da ƙusa, ko naɗe shi da filaya don a ƙarasa tafiya, yana ɗago feda, amma ya bar motar da birki a ƙafa uku.

Game da man da ake zubawa

A murfin kofin mai an rubuta nau'in da motar ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. Amma dukansu suna zuƙar danshi daga iska, kuma idan ruwan da ke cikinsu ya kusa kashi 4 cikin 100, ma'aunin da aka gindaya musu yana sauka zuwa 140 da 155. Man da ya tafasa yana zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Wannan ne ke sa motar da birkinta ke da ƙarfi a cikin gari ta rasa shi a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a Jihar Filato, musamman idan an ɗaure takalman baya fiye da kima suna gogawa tun daga nesa. Man da aka sayo a buɗaɗɗen gwangwani, ko wanda aka tara a kwalba lokacin buliding, ba a mayar da shi cikin mota. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar a sauya man gaba ɗaya duk shekara biyu zuwa uku. DOT 5 kuwa, duk da kamannin suna, haɗinsa daban ne kuma ba a gauraya shi da sauran. Man giya, man inji, ko ruwan omo da wasu ke zubawa idan sun maƙale a hanya, na farkon biyu suna kumbura robobi su lalata su, na ukun kuma yana tafasa da wuri ya kuma sa tsatsa.

Bayan an gama komai, ana sake gwajin farko tun mota tana cikin gareji. Da inji a kashe, feda ta tsaya da ƙarfi a sama, ta riƙe rabin minti ba ta motsa ba. Ana riƙe da ita a tayar da inji, za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, alamar busta na aiki. Sannan a gwada a layin da babu jama'a, da gudun da bai wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa ba, a tsaya sau da yawa gaba da baya, a ja birkin hannu a sake shi sau goma. Idan an dawo, a kusantar da bayan hannu ga kowace tayar baya ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Ɗumi kaɗan daidai ne. Idan ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi sosai, ko ana jin ƙauri, an ɗaure wannan ɓangare fiye da kima, sai a sake ɗaga motar a sassauta haƙori biyu ko uku.